Ya Girma wa Cibiyar Yara, Bai Samu Gurbi a ta Manya ba: Nazarin Lamarin Wani Matashi Mai Galahanga a Kaduna

Wannan nazari ya shafi wani matashi ɗan shekara 20 da ke zaune tare da iyayensa a unguwar Tudun Wada cikin garin Kaduna, wanda likita ya tabbatar yana da lalurar galahanga, wato otizim, tun yana ɗan shekara tara. An sakaya sunansa da na danginsa, haka nan ba a ambaci makarantu da ofisoshin da suka mayar da shi gida ba. Bayanan sun fito ne daga bakin mahaifiyarsa da yayarsa da mutumin da yake koyon sana'a a wurinsa, sai kuma wani littafin rubutu mai kauri da yayar tasa ta daɗe tana riƙe da shi. An fi mayar da hankali kan shekaru bakwai da suka biyo bayan cikarsa 13, domin a cikinsu ne ɗan tallafin da yake samu ya yanke, a daidai lokacin da balaga da farfaɗiya da idon jama'a suka taru a kansa.

Asalin lamarin

An haife shi a 2005. Mahaifinsa ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri har zuwa lokacin da masaƙun suka durƙushe, daga nan ya koma sayar da gwanjo, mahaifiyarsa kuma tana ɗinki a cikin gida. Da ya kai shekara uku bai fara magana ba, kuma ko an kira sunansa ba ya waigowa, sai aka ɗauka kurma ne, aka kai shi Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, inda gwaji ya nuna jinsa lafiya lau. Daga nan zance ya koma na iska da sammu, aka shiga ruƙiyya da rubutun sha da hayaƙi har shekaru suka ja. Sai a 2014 aka kai shi gaban likitan ƙwaƙwalwa na yara, wanda ya faɗa wa iyayen sunan lalurar, ya kuma bayyana musu cewa halitta ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma, ba ta da maganin da zai kawar da ita, amma horo da tsari na iya sauya rayuwar yaron sosai.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da wannan lalura, kuma an fi gano ta a maza. A Kaduna, wuraren da iyaye suka fi dosa domin tantancewa su ne asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, da asibitin koyarwa na Barau Dikko, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Bayan tantancewar, wani ɗan'uwan mahaifinsa ya ɗauki nauyin sa shi a wata cibiya mai zaman kanta a kudancin gari, kuma a can ya koyi shiga bayan gida da kansa, da sa tufafi, da furta gajerun jimloli. Da Turanci ake koyarwa a cibiyar alhali a gida Hausa ake yi, lamarin da ya sa har yau idan yana jin ƙishirwa da Turanci yake neman ruwa, kakarsa kuma ba ta gane abin da yake cewa.

Shekara 13 zuwa 15: fita daga makaranta

A 2018 cibiyar ta sanar da iyayen cewa yaron ya wuce shekarun da take karɓa. Hujjarsu ita ce ya yi tsawo da ƙarfi, sauran yaran kuma ƙanana ne, malamansu mata ne da ba za su iya riƙe shi ba idan ya harzuƙa. Ba a ba su takardar bayanin abin da ya koya ba, ba a kuma nuna musu inda za su dosa ba. Wannan shi ne yankewa ta farko, kuma a ganina ita ce ta fi kowace illa, domin shekaru huɗu na sanin halinsa, da abin da ke tayar masa da hankali, da abin da ke kwantar da shi, duk sun tsaya a kawunan malaman da bai sake gani ba.

Aka sa shi a wata ƙaramar sakandaren gwamnati. Ajin cike yake maƙil, ga hayaniya, ga ƙarar ƙarfen da ake bugawa na tashi, shi kuwa yaro ne da ƙaramar ƙara ma ke sa shi toshe kunnuwa da tafin hannu yana jijjiga jiki. Yara suka gano haka, suka mayar da shi abin wasa, suna lallaɓowa ta baya suna tafa masa hannu a kunne. Ranar da tura ta kai bango ya ture wani yaro ya fasa masa baki, shugaban makarantar ya kira mahaifinsa ya ce a riƙe shi a gida sai ya samu sauƙi. Ba a rubuta cewa an kore shi ba, amma bai sake komawa ba.

Wannan ya faru ne a shekarar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wato a watan Janairun 2019. Dokar ta ba su 'yancin ilimi kyauta har matakin sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su kasance masu karɓar kowa, da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar kan koyar da masu buƙata ta musamman. Mahaifin bai san da dokar ba, kuma ko da ya sani, babu irin wannan malami a makarantar. Makarantun musamman da suka tambaya kuwa an gina su ne kan kurame da makafi, da yaren hannu da rubutun makafi, yaron da ke gani yana ji amma ya kasa jure zaman aji ba shi da gurbi a cikinsu. Da aka kafa dokar kulle a Kaduna a watan Maris na 2020 saboda korona, sai ɗan zagayen da yake yi da mahaifinsa da yamma ma ya tsaya, barcinsa ya rikice, kalmomin da yake furtawa suka ragu. A ƙarshen wannan shekara ya yi faɗuwar farfaɗiya ta farko. Farfaɗiya ta fi yawa a masu galahanga fiye da sauran jama'a, kuma lokacin balaga na cikin lokutan da ta fi bayyana, amma babu wanda ya taɓa gargaɗin iyayen da haka, saboda haka maganar iska ta sake dawowa gidan da ƙarfinta.

Abin da ya faru a bakin shago

Tun yana ƙarami yana son taɓa yadi mai aikin zare, yana bin zanen da yatsa. A cikin gidan mai ɗinki wannan bai taɓa zama laifi ba. Yana ɗan shekara 16, gemu ya fara tsiro masa, aka aike shi shagon bakin layi da kuɗi a hannu, sai ya ga wata budurwa da mayafi mai aikin duwatsu ya kai hannu ya kama gefensa. Yarinyar ta yi ihu, samari suka taso suna cewa ɗan iska ne, suka rufe shi da duka, shi kuma bai gudu ba, bai kare kansa ba, ya durƙusa ya toshe kunnuwa yana maimaita sunan abin da aka aike shi saye. Wani dattijo da ya san gidansu ne ya ƙwace shi, mai unguwa kuma ya sasanta maganar kafin ta kai ga 'yan sanda.

Abin da jama'a ke yafe wa yaro ɗan shekara shida ba sa yafe wa mai gemu, kuma babu wata alama a jikin mai galahanga da za ta sa baƙo ya yi masa uzuri kamar yadda sanda ke yi wa makaho. Koyar da iyakokin jiki, da wanda ake taɓawa da wanda ba a taɓawa, da tsarki da sauran hukunce-hukuncen balaga, abu ne da ya kamata a fara tun kafin lokacin, a hankali, da hotuna da maimaici. A wannan gida kunya ta hana iyaye, Islamiyyar unguwa ta daɗe da sallamarsa saboda ba ya zama wuri ɗaya, ƙwararre kuma babu. Ga 'yan mata masu wannan lalura haɗarin ya fi haka muni, domin su cutar da su ake yi a ɓoye, iyalai da dama kuma kulle su suke yi a ɗaki da sunan kariya.

Bayan wannan rikici kawunsa ya kawo shawarar a kai shi wurin wani malami a wajen gari inda ake gyara kangararrun yara. Mahaifin ya karkata, domin ya gaji da ba maƙwabta haƙuri. Yayar yaron, wadda a lokacin take karatun kiwon lafiyar al'umma, ba ta yi musu da kawun nata a gaban mutane ba. Ta bari sai bayan sallar isha'i ta same shi ta durƙusa ta ce, "Kawu, ka yi mini haƙuri, amma wannan ba kangara ba ce. Idan an sa masa mari ba zai san laifin da ya yi ba, kuma ko an cuce shi ba zai iya faɗa mana ba." Ta tuna masa da abin da garin nan ya gani a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Sannan ta kai takardar likita wurin limamin masallacinsu, shi kuma ya yi wa mahaifin magana. Aka bar batun.

Asibiti, magani, da littafin yayarsa

Likita ya ɗora shi kan maganin farfaɗiya, ya ƙara da risperidone, wanda ake bayarwa domin rage harzuƙa da cutar da kai, ba domin ya taɓa ita kanta galahangar ba. Harzuƙar ta ragu, amma ya yi ƙiba sosai, yana kuma yini yana gyangyaɗi. A nan ne yayarsa ta fara rubuta littafin nan: ranar da ya tayar da hankali, da ƙarfe nawa, me ya ci, wa ya zo gidan, wace ƙara aka yi. Cikin 'yan watanni ta gano cewa yawancin rikicinsa na zuwa ne da magariba idan maƙwabcinsu ya tayar da janareta, ko kuma ranar da aka sauya masa tsari ba tare da an sanar da shi ba. Aka mayar da shimfiɗarsa ɗakin da ke nesa da katangar, aka saya masa abin toshe kunne irin na masu aikin injin niƙa.

Akwai wani lokaci da ya shafe makonni yana dukan kuncinsa da hannu yana ƙin abinci, har mutanen gida suka fara cewa a nemi a ƙara masa magani. Ita ce ta lura cewa gefe ɗaya kawai yake duka, kuma ya daina tauna da wannan gefen. Da aka samu aka buɗe bakinsa, sai ga haƙori ya ruɓe har ya yi kumburi. Aka cire haƙorin, dukan ya tsaya. Da littafin a hannu ta iya zama gaban likita ta yi bayani dalla-dalla, har aka rage masa yawan maganin.

Da ya cika 18 aka mayar da shi ɓangaren manya. Wannan ƙa'ida ce ta asibitoci da yawa, amma ga mutumin da sabon wuri da sabuwar fuska ke firgitawa ba ƙaramin abu ba ne. Layin ya fi tsawo, likitan da za a gani yau ba lalle shi za a gani a wata mai zuwa ba, kuma tambayoyin sun fi karkata kan magani da barci da faɗuwa. Ban ga laifin likitocin ba, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'umma fiye da miliyan 200, wasunsu kuma suna ta ficewa ƙasashen waje. Masu koyar da magana da masu horar da ayyukan yau da kullum sun fi haka ƙaranci, kuma kaɗan da ake da su sun fi karɓar ƙananan yara, a kan kuɗin da mai sayar da gwanjo ba zai iya ba. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep zuwa asibiti da dawowa ya zama abin lissafi, domin ba ya iya shiga motar haya mai cunkoso, dole sai an ɗauki shata.

Takarda da sana'a

Dokar 2019 ta tanadi takardar shaidar buƙata ta musamman, da kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, an kuma kafa hukumar ƙasa a 2020 domin aiwatar da ita, jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Yayarsa ta kai gwauro ta kai mari tana neman takardar. A wani ofishi ma'aikacin ya dube shi sama da ƙasa, ya ga saurayi a tsaye da ƙafafunsa da idanunsa, ya ce, "Malama, wannan ai ya fi ni lafiya." A wani ofishin aka ce ta kawo sabon rahoton likita, da ta kawo aka ce wanda ke sa hannu ya yi tafiya. Wata cibiyar koyon sana'a ta karɓe shi a ajin ɗinki bisa roƙo, amma ƙarar kekuna da yawa a ɗaki ɗaya ta fi ƙarfinsa, malamin kuma da baki yake bayani sau ɗaya ya wuce, bai yi wata guda ba ya daina zuwa.

Mafitar da aka samu ba daga wata hukuma ta fito ba. Akwai wani dattijo mai wankin hula a bayan layinsu, abokin mahaifinsa tun zamanin masaƙa, wanda ya lura cewa duk lokacin da yaron ya wuce sai ya tsaya yana kallon hulunan da aka jera a rana. Shi ya ce a bar masa shi ya gwada. Yayar ta tsara yadda za a yi: ya je da hantsi ya tashi da azahar, ya zauna a kusurwa ɗaya nesa da titi, kada a haɗa shi da masu kawo wanki, kuma idan gobe za a sauya wani abu a faɗa masa tun yau. Ta ɗauki hotunan matakan aikin da wayarta, ta wanke su ta liƙa a jikin bango, daga jiƙawa zuwa gogawa da burushi, da sa sitati, da ɗora hula a kan katakonta a daidaita bakinta kafin a shanya. Wata biyu ya yi yana gogawa kawai kafin ya yarda ya taɓa sitati, saboda ba ya son santsinsa a hannu.

Yanzu shi ke jera hulunan da suka bushe, kuma maigidansa ya ce bai taɓa haɗa zanna ta wani da ta wani ba, ko da launinsu ɗaya ne, domin da zanen zaren yake gane su. Kada a ɗauka wannan wata baiwa ce ta ban mamaki da ta share matsalolinsa. Aikinsa na da nawa, ba ya iya karɓar kuɗi ko ba da canji, ranar Alhamis da jajibirin Sallah da wanki ke yin yawa sai a bar shi a gida, kuma ɗan abin da ake ba shi a mako bai isa kuɗin maganinsa ba. Amma barcinsa ya daidaita, ƙibarsa ta ragu, mutanen layin da a da suke kauce masa yanzu suna yi masa sannu da aiki, yana kuma amsawa.

Abin da lamarin ya nuna

Idan aka duba duk wuraren da ya bi, kowannensu ya yi ɗan abin da aka kafa shi ya yi: cibiyar yara ta horar da yaro, asibiti ya ba da magani, cibiyar sana'a ta buɗe aji. Abin da babu shi ne mutumin da aikinsa ne ya riƙe labarin matashin gaba ɗaya, ya miƙa shi daga hannu zuwa hannu. A Ingila, ƙa'idar da hukumar tsara ayyukan lafiya ta fitar a 2016 ta ce a fara shirin mayar da matashi ɓangaren manya tun yana ɗan shekara 13 ko 14, a kuma naɗa masa ma'aikaci guda da aka sani da suna wanda zai bi shi har ya zauna daram. A Amurka doka ta wajabta wa makarantu fara irin wannan shiri kafin ɗalibi ya wuce 16. A Tudun Wada wannan aiki 'yar gida ce ta yi shi, ba albashi, ba horo na musamman, da littafin rubutu da wayar hannu. Da ba ta yi karatun kiwon lafiya ba, ko da kawunta bai saurare ta ba a daren nan, da wani labari ake bayarwa.

Wannan kuma ba sai an gina sabon asibiti ba. Jihar na da ma'aikatan jin daɗin jama'a da ma'aikatan lafiya na matakin farko a mazaɓu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na horar da ɗalibai kan gyaran rayuwar masu buƙata ta musamman, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos kuma suna da sassan ilimi na musamman. Za a iya ɗora wa wasu daga cikinsu bibiyar matasa irin wannan, a wajabta wa duk cibiyar da za ta sallami yaro ta ba da rubutaccen bayani da wurin da za a tura shi, a kuma tallafa wa masu sana'ar hannu da suka yarda su karɓi ɗan koyo irinsa, tunda tsarin maigida da yaronsa, inda ake koyo da ido a wuri ɗaya a hannun mutum ɗaya, ya fi dacewa da yawancinsu fiye da aji mai mutum talatin.

Halin da ake ciki

An sa ranar auren yayar tasa, kuma Kano za a kai ta. Ta fara miƙa littafin ga ƙanensu ɗan shekara 16 da ke babbar sakandare, mahaifiyarsu kuwa da ba ta karanta boko, tana naɗa mata bayanin magunguna da alamun faɗuwa da murya a WhatsApp. Mai wankin hular ya haura 60, gwiwoyinsa sun fara damunsa, 'ya'yansa kuma ba su gaji sana'ar ba. Takardar shaidar ba ta fito ba har lokacin kammala wannan nazari, ba a kuma sa matashin cikin inshorar lafiya ta jiha ba, don haka daga aljihu ake sayen maganin farfaɗiyar kowane wata. Iyalin ba su daidaita kan wanda zai riƙa raka shi asibiti bayan bikin ba, domin ƙanen yana makaranta da safe, mahaifiyar ba ta iya riƙe shi ita kaɗai idan layi ya yi tsawo, mahaifin kuma ya ce duk ranar da ya rufe rumfa ranar babu cefane.